Da'irar Toka a Gonar Zarami

Shekarar da maganar jirgin mutanen sama ta cika rediyo, ita ce shekarar da Goggo Jumai ta rasa inda za ta sa fuskarta a Katagum.

Abin da ya faru ba wani abu ba ne. Gab da damina ta je gonar ɗanta Zarami, can bakin kogi, ta tara karan gero ta ƙona don ta sami tokar miya. Ta kafa murhu a gefe ta dafe ruwan tokar, ta kwashe duwatsunta ta dawo gida. Shi kenan fa.

To shi Zarami tela ne, kullum yana Azare wajen abokinsa Theophilus mai sayar da batir da kaset, wanda ke tara mujallu masu hoton wani abu kamar faifai yana yawo a sama. Da ya je share gona ya tarar da baƙar da'ira, ga ramuka uku a gefenta, sai ya ajiye fartanya.

"Ƙafafun jirgin ne," in ji shi. "Nan ya sauka."

Ya kewaye wurin da ƙaya. Ya rantse ba mai sa fartanya a gonar sai masu bincike sun zo daga Bauchi, don Theophilus ya ce zai nemo su. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya shuka, gonar Zarami sai 'yan kallo.

Za ku ce me ya hana ta faɗa masa? Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta zaunar da shi ta ce ya yi shirme. Ta gwada ta bakin matarsa.

"Asma'u, ki ce wa wancan, wuta ma tana yin da'ira."

"Goggo, jiya na ce ko makiyaya ne, bai ci tuwona ba."

Ruwa na biyu ya zo. A bakin rijiya mata suka fara gaishe ta da, "Ina baƙinku na sama, sun sha fura kuwa?" Ranar kasuwa ta yafa mayafi ta hau motar Azare, ta tsaya a bakin shagon Theophilus tana kallon ƙasa.

"Mama, batir?"

"Ɗana, jirgin nan naku, ni ce."

Ta faɗa masa komai, har tukunyar. Bai yi dariya ba, wannan ta riƙe masa. Ya daɗe yana shafa ƙeya.

"Mama, ni ma na gaya wa duk 'yan cocinmu jirgi ya sauka."

"To kai ne abokinsa. Ni bakina ba zai iya ba."

Washegari Theophilus ya je Katagum, suka tsaya shi da Zarami a gonar. Abin da suka ce, Allah masani. Zarami dai da hannunsa ya janye ƙayar. Lokacin gero ya riga ya wuce, wake kawai ya samu ya jefa, rumbunsa bai ga damin gero ba a shekarar.

Ya daina zama a dandali har kaka. Kullum da safe yakan durƙusa a bayan zana ya ce, "Goggo, an tashi lafiya?" Ita kuma ta amsa daga ɗaki, a hankali, tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.