Kabarin Mazhar

"Kada ka bari su sa ni a jirgi," in ji Mazhar.

Tanwir yana gyara masa matashi a lokacin. Tun da ciwon daji ya hana Mazhar hawa bene aka sauko da gadonsa falo, daf da taga, inda yake hango tasinsa a fake, ganye ya taru a gilashinta.

"Wane jirgi? Kai da ko banɗaki sai an riƙe ka."

"Ka san wanda nake nufi, ɗan banza. A nan aka haife ni. Ku kai ni maƙabartar bayan filin ƙwallo, inda Alisha za ta iya zuwa a bas."

"Ka gaya wa tsohuwa?"

Mazhar ya juya fuskarsa bango.

Bango ɗaya ya raba gidajensu a Bradford tun suna yara. Tare ubanninsu suka zo daga Mirpur aikin masaƙa, kuma duk wanda ya mutu a cikin dattawan nan, can ake mayar da shi. Shi Mazhar abin da yake tunawa da Pakistan zawo ne da sauro, daga wani hutu da aka kai shi yana firamare. Matarsa ta daɗe da barinsa. 'Yarsu Alisha ce ke jinyarsa idan ta taso aiki.

Ya cika ranar Talata bayan azahar. Kafin la'asar takalma sun cika ƙofar gida har kan titi, kuma baffansa yana tsaye a lungu da waya, yana maganar takardun fitar da gawa. Ba wanda ya tambayi Alisha komai. An miƙa mata tire, tana raba shayi.

Tanwir ya sami Khala Resham, mahaifiyar Mazhar, a ɗakin baya. Ya durƙusa, ta ɗora hannu a kansa kamar yadda ta saba.

"Khala, ya bar min magana. Ya ce a binne shi a nan."

Ta ci gaba da jan carbi. "Da wane harshe ya gaya maka, ɗana?"

"Da Turanci."

"Ni da harshenmu ya gaya min. Na ce kusa da babanka za ka kwanta, ni ma gurbina yana nan gefe. Ya ce to, Ammi. Ya riƙe hannuna ya ce to." Ta ɗago ta dube shi. "Ƙarya ya yi min yana bakin mutuwa?"

Tanwir ya san wannan "to" ɗin. Da ita Mazhar ya yi aure, da ita ya bar makarantar zane ya kama tuƙi. Shi kansa Tanwir da ita ya girma. Amma bai iya rantsewa cewa ƙarya ce ba. Mutumin da ya riƙe hannun uwarsa da wanda ya zage shi a falo, duk Mazhar ne, kuma kowannensu da gaske yake yi.

"A'a, Khala," ya ce. "Bai yi miki ƙarya ba."

Aka yi masa salla a masallacin unguwa. Akwatin irin na tafiya ne, a liƙe, da 'yar tagar gilashi daidai fuska don mutanen ƙauye su gan shi. Alisha ta daɗe tsaye a kan tagar. Fasfonta ya ƙare aiki, tsohuwa da baffa ne kawai suka bi gawar.

Ran binnewa Tanwir ya fito da safe zai tafi aiki, ya tarar da Alisha zaune a dokin ƙofarsu, rigar sanyi a kan kayan barci, waya a hannu. Wani ɗan uwa ne yake nuna mata binnewar ta bidiyo daga can Pakistan.

"Ya gaya maka, ko Chacha?" ta ce, ba ta ɗago ba. Haka take kiransa, wato baffa. "Ni ma ya gaya min."

Ya zauna gefenta. Can rana ta take, maza da fararen kaya sun kewaye rami, ana ta magana da harshen da take tsinta kaɗan-kaɗan. Sai hoton ya tsaya cik a kan jar ƙasa da ƙafar wani mutum sanye da silifas. Suka zauna suna jira ya motsa, yayyafi yana sauka a kan gilashin wayar, tana gogewa da hannun riga.