Numfashin Masaji a Cikin Kaset

Shigeharu, mijin Kinue, aikinsa haɗa sauti. Masu zane su zana katun, shi kuma ya sa masa takun ƙafa da buɗe ƙofa da karyewar ƙashi. A shekarar da abin ya faru, kamfaninsu da ke unguwar Nerima yana yin wani shiri da ake nunawa duk Lahadi da yamma. A cikin shirin, wasu tsutsotsi ne ke faɗowa cikin ruwan sama, su shiga mutum ta ƙeya, su kwanta a ƙirjinsa. Mutumin zai ci gaba da zuwa aiki yana gaida maƙwabta, amma ko uwarsa aka yanka a gabansa ba zai ƙifta ido ba. In tsutsar ta ƙosa, sai haƙarƙarinsa ya tsage ta fito.

Ƙarar tsagewar nan ce ta hana Shigeharu sakat. Ya murɗe kabeji, ya karya ƙashin kaza cikin jiƙaƙƙen tawul, ya tattake ƙaguwa a daro. Kuramochi, shugaban shirin, ya saurara ya taɓe baki. "Kabeji nake ji, malam. Mutum na ce ka kawo mini."

Daga nan ya fara zuwa mayanka da rikodarsa. Ya daina hira. Ranar da Kinue ta yanke yatsa tana yankan kifi, ta ƙwalla ƙara, kunnensa ya juyo mata, bai dube ta ba. "Wuƙar ta taɓa ƙashi ne?" Abin da ya tambaya ke nan.

Bayan guguwar watan tara, Masaji, ƙanin Kinue mai sana'ar awara, ya zo ranar Talata da safe gyara musu rufi. Ya tarar da Shigeharu a bakin taga da makirfo.

"Mijin Yaya, yau wa za mu kashe, kabeji ko kankana?"

"Da kai zan fara, mai jikin awara. Ka buga gudumar da kyau, ɗauka nake."

"To ka sa sunana a talabijin, ko na samu matar aure."

Kinue ta bar su suna dariya ta tafi kasuwa. Da ta dawo, motar asibiti ta tarar a ƙofar gida. Masaji ya zame daga sama ya faɗa da ƙirji a kan shingen ƙarfe. Ya cika kafin a kai shi. Likita ya ce jini ne ya ƙare masa. Shigeharu ya ce yana jin faɗuwar ya ruga ya buga waya, ita kuma ta yarda.

Aka ƙona gawar bisa al'adarsu. Da aka yi addu'ar kwana arba'in da tara, aka kai ƙasusuwansa kabarin iyayensu. Lahadin da ta biyo, Kinue tana ninke wanki ita kaɗai, talabijin a kunne. Aka nuno wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya durƙusa, ƙirjinsa na buɗewa, jini na feshi a bango. Ƙashi ya ce ƙaras. A ƙarƙashin ƙarar kuma akwai wani ɗan siririn fito, yana shiga yana fita.

Rigar ta suɓuce daga hannunta. Masaji yana da asma tun yana goye. Ita ta raine shi, shekara tara tana kwana da kunnenta a bayansa. Ko cikin mutum dubu za ta gane wannan fiton.

Ta shiga ɗakin aikin mijinta. Kowane kaset da kwanan wata a jikinsa, bai taɓa sakaci da wannan ba. Ta ciro na ranar Talatar ta kunna. Ta ji guduma, ta ji Masaji yana waƙa. Sai zamewa, sai faɗuwa. Ta ji takalmin Shigeharu yana sauka da gudu, ta ce a ranta, ga shi, ya tafi wajen waya. Amma takun ya tsaya, numfashin kuma ya matso kusa.

"Mijin Yaya... kira..."

"Shh," in ji muryar Shigeharu a hankali. "Kada ka yi magana. Numfasa kawai."

Kinue ta zuba wa agogon bango ido. Minti goma sha biyu kafin takun ya sake motsawa.

Da magariba Shigeharu ya shigo da kwalin alewa. "Kuramochi ne ya bayar. Ya ce na yau ya girgiza kowa." Sai ya ga kaset ɗin a kan tebur, ya ga butar shayi ta ƙarfe a hannunta.

"Maigida, ya kira ka."

"Na goge maganar. Ba wanda zai gane."

"Na ce ya kira ka."

"Kinue, ko na buga a lokacin, ba lallai..." Sai kuma ya ce, "Ba ki ji yadda ya fito ba?"

Ta maka masa butar a kunnen dama. Ya buge ƙofar ɗakin, wadda aka yi da katako da takarda, ya faɗi tare da ƙofar. Ta bi shi, ta take masa kafaɗa da gwiwa, ta juya kansa, ta sake makawa a na hagu, ta ƙara, har jini ya cika kunnen ya gangaro kan tabarma, haƙori ɗaya ya fito. Ta tsaya tana haki, tana jira ya yi kuka, ko ya ambaci sunan Masaji, ko nata. Da ya yi, da ita da kanta za ta buga wayar.

Bai yi ba. Idonsa a rufe, kansa a karkace, hannunsa yana laluben tabarma wajen da ya saba ajiye rikoda.

Kinue ta ajiye butar. Ta ɗauki hoton Masaji daga gurbin da ake ƙona wa mamata turare, ta sa kaset ɗin a aljihu, ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ta ce a kira wa mutumin ciki motar asibiti. Ta koma shagon awarar ƙaninta, a nan ta zauna. Kaset ɗin yana cikin gwangwanin shayi a saman kantar shagon. Ba ta sake kunna shi ba, ta kuma kasa ƙona shi, don a farkonsa Masaji yana waƙa.