Kunun Gayyar Kawu Jibrilla

Wata bakwai Raihanatu ta yi tana jinyar ƙanenta Mas'ud a gidanta da ke Jega Magaji kafin jikinsa ya rabu da tiramol. Ma'aikaciyar ɗakin magani ce, ta san abin da take yaƙi da shi. Da lokacin dashen albasa ya zo, kawunsu Jibrilla ya nemi a ba shi Mas'ud ya taya shi aiki a Jiga Birni. Da kanta ta kai shi, ta zauna ta yi wa kawun bayani.

Ta ce masa Allah ya halicci jiki da nasa sinadarin kashe raɗaɗi, wanda yake da gurabensa a ƙwaƙwalwa. Ƙwayar, idan hanta ta sarrafa ta, takan mamaye waɗannan guraben, mutum ya daina jin gajiya da ciwo. Idan abin ya daɗe, ƙwaƙwalwa takan saba har ta kasa natsuwa sai da ita. Wanda ya bari kuwa, ɗan kaɗan ya isa ya tayar masa da tsohuwar ƙishirwa, ko ya jefa shi cikin farfaɗiya.

"Wato ba su jin gajiya ko kaɗan?" in ji Kawu.

"Gajiyar tana nan, Kawu. Saƙonta ne ba ya isa."

Ya gyaɗa kai, ya ce ta bar masa amana.

Bayan kwana goma sha biyu aka kira ta da hantsi: Mas'ud ya faɗi a gona ranar gayya. Ta same shi kwance a gindin darbejiya, ya ciji harshensa, ƙwayar idonsa ta tsuke. Ya rantse mata bai sha komai ba sai kunun da aka raba wa kowa. Ta ɗanɗana ragowar da ke cikin roba. A ƙarƙashin tsami da sukari akwai ɗacin da ta sani. Ta tuntsurar da robar a ƙasa.

Ta sami Kawu a bakin kwamin albasa, yana duba dashe.

"Kawu, me aka zuba a kunun nan?"

"Ɗiyata, kwantar da hankalinki. 'Yan ƙwarori ne, cikin kunun mutum talatin. Iri ya kai, in ba a dasa shi yau ba ya lalace."

"Ka san Mas'ud zai sha."

"To, in hana shi kunu a gaban jama'a, kowa ya gane? Ke da bakinki kin ka ce min tana ɗauke gajiya."

Raihanatu ta yi salati a ranta. Ta tsayar da mai babur, ta ɗora ƙanenta a tsakiya, ta riƙe shi ta baya.

Sun kusa Aliero ya juyo da kansa, gumi yana bin wuyansa.

"Yaya," ya ce a hankali, "kunun nan, duka kika zubar?"