Atisayen Fyaucewa

Ebele na laɓe a ɗakin maƙwabciya, tana leƙen tsakar gidanta ta ɓular labule kamar ɓarauniya. Mijinta Paschal, da ke laɓe kusa da ita, ya gama shiri tsaf: rigarsa da wandonsa shimfiɗe a kujera, agogo a bakin hannun rigar, zanen Ebele kuma yashe gaban risho, miya na ta tafasa. Wai so yake 'yarsu Kachi, mai shekara tara, ta dawo makaranta ta zaci an fyauce iyayenta zuwa sama an bar ta.

Sabon fastonsu na Dogarawa ne ya kawo dabarar, har da raɗa mata suna atisayen fyaucewa, wato gwajin ranar da Yesu zai dawo ya kwashe masu bi. Laifin Kachi kuwa bai wuce gyangyaɗi a wurin addu'ar safe ba.

Jiya yayan Ebele, Ejiofor, ya zo daga Samaru ya ji zancen.

"Suruki, mu a cocinmu ba a koya mana wannan fyaucewar taku ba," in ji shi. "Ubangiji shirwa ne da zai sure kaza ya bar 'yan tsaki?"

"Irinku za a fara bari," in ji Paschal.

Suka yi ta jifan juna da ayoyi har shinkafa ta huce. Ba wanda ya tuna a kan yarinya ake magana.

Ƙofa ta yi ƙara. "Mama, na dawo!"

Kachi ta sake kira. Ta ga zanen, ta ga agogon, jakarta ta sulale ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Durƙusawa ta yi ta rungume zanen.

"Yesu, ni na ci naman jiya. Ka dawo ka ɗauke ni, ba zan ƙara ba."

Ebele ta yunƙura, Paschal ya damƙe hannunta. "Bari abin ya ratsa ta tukuna."

Ta dube shi. Murmushi yake yi, irin na manomin da shukarsa ta tsiro. Ƙyamarsa ta taso mata, ta haɗu da ƙyamar kanta, don da hannunta ta kwance zanen nan ta ba shi. Ta fizge ta fita da gudu.

*

Ran Lahadi Paschal ya hau mumbari ya ba da shaida: 'yarsa ta tuba, yanzu ko ƙifta ido ba ta yi a wurin addu'a. Coci ya ɗauki tafi. Bai faɗa musu ta koma fitsarin kwance ba, ko banɗaki ba ta shiga sai da rakiya.

Ebele ta ji ana taɓa mata hannu. Kachi ce ke ɗaure tsintsiyar hannunta da ta uwar da igiyar takalmi, ta ƙulle tamau.

"Mama," ta raɗa mata, "in an zo ɗaukar ki, ki ja ni."