Laulayin Mai Aski

Ƙarama ta ajiye almakashi ta ce wa Anti ta haɗiye fil.

Kekunan ɗinkin da ke shagon suka tsaya gaba ɗaya. Anti, mai shagon, ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta dubi yarinyar da ta fi kowa ƙanƙanta cikin telolinta, wadda ta sha yi wa faɗa a kan riƙe fil a leɓe in tana kama bakin riga.

"Yaushe kika haɗiye?"

"Ban sani ba, Anti. Tun safe dai ɗanɗanon ƙarfe nake ji a bakina. Na kurkure, na sha shayi, yana nan daram."

"Ban faɗa miki ba? Ban faɗa miki ba?" Anti ta leƙa ƙofa ta ƙwala wa mijin Ƙarama kira, domin shagon askinsa a tsallaken titi yake.

Shekara biyu da aurensu amma har yanzu Ango matan shagon suke ce masa. Ya tsallako da kilifa a hannu, ya bar wani bawan Allah a kan kujera, rabin kai a aske, tawul a wuya. Kafin Ƙarama ta gama bayani ya tare tasi.

A asibiti wata nas mai furfura a gefen kai, wadda kowa ke kira Sista, ta saurare su har suka gama. Ango ya ce a yi mata hoto yanzu-yanzu. Sista ta ce to, amma kafin hoto akwai tambaya. Ta tambayi Ƙarama ko ta ji wani abu ya soke ta a maƙogwaro, ta ce a'a. Ta tambaye ta rabonta da al'ada. Ƙarama ta fara lissafi da yatsu, ta tsaya, ta sunkuyar da kai. Aka ba ta 'yar kwalbar gwajin fitsari ta shiga banɗaki.

Da sakamako ya fito Sista ta yi musu barka. Ango ya buɗe baki ya rufe, sannan ya ce, "To fil ɗin fa?"

"Babu fil, ɗana. Wasu mata haka ciki ke fara musu, bakinsu ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe kamar sun tsotsi makulli. Abin da ke cikinta ya fi fil girma, kuma ba a shagon ɗinki ta samo shi ba."

Suka dawo suna murmushi kamar waɗanda suka yi tsintuwa. Mai rabin askin yana nan zaune, ya ce ai ba shi da inda zai je da wannan kan.

Ƙarama ta san amai, ta san kwaɗayi, don ta ga yayyenta sun yi. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mata shi ne yawu. Bakinta ya koma kamar famfon da ya lalace. In ta haɗiye zuciyarta ta tashi, in ta tsaya magana da mai kawo ɗinki sai ta ce "ina zuwa" a tsakiyar zance ta fice. Daga baya ta juye maɓallan da ke cikin wata 'yar roba mai murfi, ta ajiye ta gefen keke a ƙarƙashin ƙyalle.

"Ni dai haihuwa shida na yi," in ji Anti, tana yanka yadi, "ko ciwon kai ban sani ba. Ku 'yan yanzu komai sai kun yi masa ado."

Ƙarama ta jawo 'yar robarta, bakinta a cike yake.

Wanda abin ya fi taɓawa shi ne Ango. Mutum ne mai son ƙamshi. Kullum yana dawowa gida da warin sifirit da hoda da man gashi, a kansu kuma ya fesa turarensa, wanda a da Ƙarama ke cewa tun daga bakin layi take gane ya iso. Yanzu ma tun daga bakin layin take ganewa, sai dai kafin ya murɗa ƙofa ta riga ta ruga banɗaki.

Wata rana da yamma ya tsaya a ƙofar falo, takalmi a hannu, ya ce, "Ƙarama, ki gaya min gaskiya. Na yi miki laifi ne?"

Ta amsa daga bayan filon da ta toshe hanci da shi. "Ba ka yi min komai ba, maigida. Wari kake yi."

"Ni?"

"Kai. Da rigarka, da tawul ɗinka. Har wayarka wari take."

Ya zauna a kan matakala a waje ya ci abincinsa shi kaɗai, maƙwabta na wucewa suna gaishe shi, yana amsawa kamar dama shan iska ya fito.

Washegari yana share gashi a shago mijin Anti ya shigo gyaran gemu. Tsohon direba ne, ba ya son magana sai an ɗora masa tawul mai ɗumi. Ango ya yi masa ƙorafi a fakaice, ya ƙara da cewa ita Anti ai an ce ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba. Tsohon ya yi dariya har tawul ya zame.

"Ita ta faɗa? A cikin ɗanmu na fari, a mota na riƙa kwana. Cewa ta yi numfashina warin taya yake. Ka yi haƙuri kawai, yana wucewa. Kuma kar ka ce ni na gaya maka."

Ango bai ce shi ya gaya masa ba. Ƙarama kaɗai ya gaya wa, ita kuma ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, daga can ƙarshen falo.

Ranar awo ya bi ta, ba turare, ya saka rigar da aka wanke da sabulu marar ƙamshi. Sista ta ji duk koke-kokensu ba ta yi mamaki ba ko sau ɗaya. Yawun, ta ce a tofar ba laifi, amma a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan don kar jiki ya bushe, a tauna cingam marar sukari ko a tsotsi ƙanƙara. Ɗanɗanon ƙarfe, a gwada lemon tsami a ruwa, a ci abinci da cokalin roba. Da Ƙarama ta ce dasashinta na jini in ta yi burushi, kuma ta yi haɓo a kan yadin mutane, Sista ta ce jini ne ya ƙaru a jiki, a nemi burushi mai laushi, in haɓo ya zo a sunkuya gaba a matse hanci, in ya ƙi tsayawa a taho.

"Ni kuma fa?" in ji Ango.

"Kai wanka za ka riƙa yi kafin ka gaishe ta."

Haka aka yi. Ya buga ƙusa a bayan ƙofa don rataye kayan aiki, turarukansa suka koma shago cikin kwali. Ya koyi shiga gida kamar ɓarawo, ya wuce banɗaki kai tsaye, sai ya fito yake yin sallama ta biyu, ta gaskiya.

Da cikin ya fito, yawu ya ragu, sai wasu baƙin suka iso. Yatsunta suka riƙa sagewa da safe har zura zare a allura ya gagare ta, Sista ta ba ta abin ɗaure wuyan hannu, ta ce ta riƙa hutawa tsakanin ɗinki tana girgiza hannun. Mantuwa ta zo. Ta ɗinka wa wata riga hannun hagu guda biyu, ta kuma nemi tef ɗin awo har ƙarƙashin tebur alhali yana wuyanta. Takalmanta suka matse, ta koma saka silifas ɗin Ango.

Sai Anti ta lura allin zanen yadi na ƙarewa da wuri. Ta zargi ɓeraye. Wata rana da rana ta juyo ba zato ta ga shuɗi-shuɗi a gefen bakin Ƙarama.

"Buɗe bakinki."

Ƙarama ta girgiza kai.

"Ashe ɓeran namu har ɗankwali yake ɗaurawa," in ji Anti.

Matan shagon suka kwashe da dariya, amma Anti ba ta yi ba. Ta ɗauki jakarta, ta ce a kula mata da shago, ta kai Ƙarama asibiti da kanta. Sista ta ce gara da suka zo, don kwaɗayin alli ko ƙasa wani lokaci alamar ƙarancin jini ne. Aka gwada, aka samu haka ne. Aka ba ta ƙwayoyi, aka gaya mata abin da za ta ƙara ci, aka kuma ja mata kunne cewa in ta ga fuska ko hannu sun kumbura farat ɗaya, ko kai ya sara mata har gani ya dushe, kar ta jira ranar awo. A hanyar dawowa Anti ta saya mata lemo, ta ce, tana kallon taga, "Ni garwashin gawayi da ya huce nake sha'awa lokacin da nake da ciki." Ƙarama ta yi kamar ba ta ji ba.

Jikinta ya fara daidaita. A lokacin ne na Ango ya tashi.

Da fari bai gaya wa kowa ba. Yana fesa wa wani sifirit a ƙeya sai ya ji zuciyarsa ta hautsine, ya fita waje ya tsaya yana haɗiyar yawu. Bayansa ya riƙe. Haƙori ya fara yi masa zogi, likitan haƙori ya duba ya ce lafiya lau. Da rana barci ke kwashe shi a kujerar aski. Lemon tsamin da ya saya wa Ƙarama shi yake shanyewa, kuma maɓallin wandonsa ya daina kaiwa.

Ƙarama ta kama shi a kicin yana lasar ɓawon lemon.

"Maigida, me nake gani?"

"Duba nake ko ya lalace."

"Na uku ke nan kana dubawa."

Ranar awo ta gaba ya ce zai raka ta kawai. Benci cike yake da mata masu ciki, kowace da katinta, shi kaɗai ne namiji, ya takure a ƙarshe. Da aka kira Ƙarama ya bi ta, ya jira aka gama da ita, sannan ya yi ƙasa da murya ya zayyana wa Sista abin da ke damunsa. Ta auna jininsa, ta duba idonsa, ta tura shi gwaji don a tabbatar. Komai ya fito lafiya.

"Yana faruwa da wasu maza," in ji ta. "Ka ɗora damuwarta a kanka, ba ka barci sosai, kana cin naka kana cin ragowar nata. Ka riƙa tafiya da ƙafa da yamma, ku tafi tare, ita ma zai amfane ta. Ka rage ci."

"Ba wata cuta ba ce, Sista?"

"Cuta ce mana. Sunanta son mata."

Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Da suka fito benci gaba ɗaya yana murmushi. Wata mai tsohon ciki ta matsa ta buga wurin da ke kusa da ita. "Zauna, malam, kar jiri ya ɗebe ka. Na fari ne?"

Kafin su isa gida labari ya riga su zuwa layin shagunan. Masu zuwa aski suka riƙa yi masa sannu da jiki. Mijin Anti ya kawo masa filo na jingina baya, ya ajiye masa a kujera. Ango ya yi fushi na yini guda, daga baya ya ga filon na da daɗi.

Suka riƙa fita da yamma, ita tana tafe a hankali hannu a ƙugu, shi ma hannu a ƙugu, har sai da ta ce ya sauke nasa don mutane na kallo.

Naƙuda ta zo mata da hantsi tana tsakiyar kama bakin siket. Ta daɗe, amma ta sauka lafiya, mace. Sista ta fito ta iske Ango a tsaye jikin bango ya haɗa gumi, ya riƙe mara da hannu biyu. Ta ce ya shigo ya ga 'yarsa, in ƙafafunsa za su kai shi.

Ƙarama tana kwance a gajiye, jaririyar a ƙirjinta. Ya tsaya daga nesa don bai yi wanka ba. Ta miƙo hannu ta ce ya matso. Ya matso, ya sunkuya, ya daɗe yana kallon 'yar fuskar.

Tashin zuciyarsa da ciwon haƙori suka ɓace a makon. Tumbin ne ya ƙi tafiya. Bayan wata biyu, ranar da Ƙarama ta kawo jaririyar shago a gan ta, ya tsallako da wanduna uku a leda ya ce a ɗan buɗa masa su. Anti ta zagaya masa tef a ƙugu, ta duba, ta sake dubawa.

"Ita dai ta sauka," in ji ta. "Kai sai yaushe?"

"Anti, ki buɗa kawai."

Ta cire fil daga leɓenta ta kama wandon.