Ƙofar Gwaggo Nana

…kuma ai ba ita ta ƙera makullin ba. Wannan kam gaskiya ne. Halimatussa'adiyya ko ƙusa ba ta taɓa bugawa ba. Aikinta a kamfanin Gida Sauƙi amsa waya ne, ta rubuta koken masu saye, ta miƙa sama. Sama! Ofishin manaja ne fa, Oga Richard, taku shida daga teburinta.

Rumfar nan ta Kutawa sai ka ce tanda. Mata sun cika kujerun baya, goyo na kuka, an ɗaure ƙyalle tsakanin bishiyoyin darbejiya biyu: Muna Tare Da Al'umma. Yau kamfani ke yi wa ƙaramin asibitin gari kyauta, fitilun sola, fankoki, da makullan zamani huɗu, irin waɗanda ake buɗewa da yatsa ko da waya. Ita aka ba takardar jawabi, wai ta fi kowa Hausa. Takardar har ta jiƙe a hannunta.

Koke uku ne. Uku. Wani malami a Dutsin-Ma: in rana ta daki ƙofar, sai makullin ya suma. Wata mai shago, haka. Na uku daga Kurfi, muryar tsohuwa tana dariya: "'Yar nan, ƙofar tawa gardama take mini da azahar." Gwaggo Nana. Ita ma ta taya ta dariyar… "Za a turo mai gyara, Gwaggo, ki yi haƙuri." An turo? Ta dai rubuta. Ta dai miƙa.

Ana tafi. Me aka ce? Oho. Ita ma tana tafawa.

Ɗan Gwaggo ne ya saka mata makullin, Abdullatif, yana can Fatakwal wajen aiki. Tsoron 'yan bindiga. Ƙofar ƙarfe, tagogi duk an yi musu raga, da kyamara a falo don ya riƙa ganin uwarsa. Ya kuwa gan ta. Ranar Talata, bayan azahar, tukunyar gas ta kama da wuta — yana kallo a waya, yana danna buɗe, buɗe, buɗe, ita kuma tana dafa yatsa, tana goge shi da zane, tana sake dafawa. Wai ko gumi ne. Maƙwabta da gatari… kafin a kai ta Katsina ta cika.

Ko zagi Abdullatif bai yi ba da ya kira ofis, Halima ta ɗauka. Ina ma ya zage ta! "Malama, ki gaya mini tsakaninki da Allah, ni na danna ba daidai ba?"

Me ta ce masa? Ana bincike. Haka ta ce.

Oga Richard ba mugu ba ne, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Shi ya kai mahaifinta asibiti bara, da motarsa. Shi ne kuma ya turo mata rahoton gobarar. "Halima, gyara layin nan. Kada ki ce makulli ya ƙi. Ki ce mai gida ba ta iya amfani da shi ba. Mu goma sha tara ne ke cin abinci a nan, kin sani." Ta sani. Ta goge, ta sake rubutawa. Ko minti ɗaya ba a yi ba, Gwaggo Nana ta zama tsohuwar da ba ta san kan ƙofarta ba.

Ga kwalayen makullan can a gefen rumfa, an zazzage su. Ta san lambar jikinsu tun daga nesa. Su ne dai — waɗanda aka kwashe daga shago shiru, aka jibge a sito. Kefas mai haɗa kaya ya ɗaura ɗaya a ɗakin haihuwa tun safe. Ƙofar ɗakin kuwa yamma ta fuskanta. Tun ɗazu Kefas ya ƙi yarda su haɗa ido. A mota ta tambayi Oga, ya ce an canza musu batir. An canza? Wa ya gani? Ita me ya hana ta ƙara tambaya?

To ta faɗa yanzu, a gaban kowa… ta ce me? Rahoton sa hannun wa ke ƙasansa? A rufe kamfani, a kwance fitilun nan, unguwarzoma ta koma karɓar haihuwa da tocilan a baki. In kuma ta yi shiru, watan Afrilu na nan tafe, rana za ta sauko kan wannan ƙarfen, wata tana ciki tana naƙuda…

Sunanta ake kira. Cikakkensa, har ana jan shi. Ƙafafunta sun miƙe ba da shawararta ba. Wata mai tsohon ciki a layin gaba tana janye ƙafa don ta wuce, tana mata murmushi: "Allah ya saka muku da alheri, Hajiya."

Amin. Bakinta ne ya ce amin?

Lasifika na ƙara. Tana buɗe takardar, haruffan na iyo, ana jira. Ta gaji — ya Allah, ta gaji… Sai ga muryarta can tana fita, sumul, irin ta amsa waya, tana yi wa jama'a sallama. Duk rumfar ta amsa.