Jujin Gidan Tasalla

Ƙura ba ta gama kwanciya a tsakar gida ba gardi, ɗan sandan Nasara, ya tura ƙyauren karan da ƙafa, ko sallama babu. Tasalla na duƙe da tsintsiya, ga hatsin bariki a turmi yana jiran sussuka. Tun da Nasara suka kwashe mijinta Maidawa zuwa aikin hanyar Tsibiri, ita ce rijiya, ita ce murhu. Amma a zagaya Maradi kaf, ba za a sami tsakar gida kamar nata ba. Randarta a rufe, akussanta a kife.

Lungu ɗaya ne tsintsiya ba ta taɓawa. Can bayan rumbu akwai ɗan juji, toka da ƙaiƙayi da tsummoki, kuma a kansa ɗanta yake zaune yana cusa yatsa a baki, tukkunsa ya cukurkuɗe.

Tasalla mai wabi ce. Duk wanda ta haifa, ba ya kai yaye. Da wannan ya zo, tsofaffin Jiratawa, garinsu, suka ce a yar da shi a juji, a bar shi da dauɗa, a kira shi Ajuji, don mutuwa in ta leƙo ta ga ba abin ɗauka. Ga shi kuwa har ya fara tafiya.

"Mi ne ne wanga?" in ji gardin, Jibo, yana nuni da bulala. "Kumandan ya ce kowane gida tas! Madam, matarsa, na tafe duban yara."

"Ranka ya daɗe, dubi gidan. Lungun nan kaɗai ne, kuma na yaron ne."

Ya kira fursunonin da ke biye da shi, suka hau kwashe jujin. Ya sa aka watsa ruwan girezil, maganin kashe cuta mai warin nan. Sannan ya finciko yaron, ya zaro aska.

Tasalla ta zube ta riƙe masa ƙafa. Da ta ɗaga kai, idonta ya sauka kan kunnensa na hagu. A huje yake, hujin nan da ake yi wa ɗan wabi.

"La ilaha! Kai ma a juji aka raya ka!" in ji ta. "Ka san abin da kake yi ke nan."

Jibo ya janyo jar hularsa ya rufe kunnen. Ya ɗora aska a kan yaron. Tukku ya faɗi ƙasa.

* * *

Matar kumandan ta iso da laima. An wanke Ajuji da sabulu, an zura masa farar taguwa. Ashe yaron kyakkyawa ne! Ita kanta uwar ba ta taɓa yarda ta kalle shi haka ba.

Madam ta ɗaga shi sama, sama sosai, a tsakar rana, tana dariya tana surutu da yarensu.

"Ta ce duk garin nan ba ta ga yaro mai kyau da lafiya kamar wanga ba," in ji Jibo da ƙarfi, yana kallon bango. "Ki yi godiya."

Matan da ke leƙe ta kan danga suka dafe ƙirji. Wa yake faɗin irin wannan magana a kan ɗan wabi?

* * *

Da la'asar ta goya shi, ta lulluɓe shi har kai, ta ɗauki ƙwarya ta shiga gidan tsohuwa Tsahara, maƙwabciyarta.

"Inna, ki taimake ni da shara."

Tsahara ta waiga. Nata gidan ma an kankare shi, sai warin girezil.

"Ɗiyata, sun kwashe duka, sun ƙone a bayan gari."

Tsohuwar ta duƙa bakin murhu ta yayibo 'yar tokar da ta saura. Ba ta ko rufe gindin ƙwaryar ba. Tasalla ta sauke yaron, ta tuɓe masa taguwar, ta shafe masa fuska da ƙoƙon kai, amma ƙamshin sabulun yana nan. Shi ko ya zaci wasa ne, ya ƙyalƙyale da dariya har da tafi.

Ta yi maza ta toshe masa baki da tafin hannunta, ta juya tana duban ƙofa, kamar mutuwa na can tana saurare.

"Yi shiru," ta ce a hankali. "Kada ta ji ka."